Zoɓon da Ya Sauke Malam Sale

Ni na shayar da limamin unguwarmu abin da ya sauke shi daga limanci. A zauren gidan nan aka yi, Alhamis bakwai a jere, kuma da hannuna na haɗa. Ko giya ce ko ba giya ba ce, har yau ban sani ba. Kun taso ana ce muku 'ya'yan Audu mai tulu, wasunku har dambe sun yi a kan sunan, amma ba wanda ya zauna ya tambaye ni. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na sa a rubuta yadda na faɗa, kada a gyara mini.

Haƙar rijiya ce sana'ata, har ranar da ƙasa ta rufto mini a wani ƙauye bayan Tofa, aka zaro ni da karyayyiyar ƙafa. Na binne mata ɗaya da 'ya'ya uku kafin uwarku Hajara ta shigo gidan nan. Bayan haka magana ta ragu a bakina, ba na zuwa majalisar kowa. Mutum uku ne kawai suke shigowa zaurena. Akwai Malam Sale, limamin masallacin unguwa, mai makarantar allo, ya girme ni da kaɗan. Akwai Tanimu taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa Kudu, ya dawo ya yi Hajji ya kama noma. Sai Ɗan'azumi mai faci, gwauro, ba gona, ba mai dafa masa.

Kun san gonakinmu, ta wannan tana jingine da ta wancan, yakuwa ake shukawa a kan iyaka don kowa ya san nasa. Da kaka a tsinke zoɓonta a shanya. Wata rana Tanimu ya ce zoɓon gonarsa ta jigawa ya fi nawa na bakin fadama ja da kaifi. Na ce ƙarya yake. Malam Sale ya ce gardama ba ta da amfani tunda kowa yana da harshe, a dafa a kawo. Daga nan abin ya zauna. Duk Alhamis bayan La'asar, ranar da babu karatun allo, kowa ya kawo ƙwaryarsa a rufe da faifai. Ƙa'idar ita ce zoɓon gonarka, haɗinka. Mu juya baya, Ɗan'azumi ya sassauya wa ƙoran wuri, tunda shi ba shi da tasa. Ladansa shi ne duk abin da ya rage. Malam ne mai fara ɗanɗanawa. Zai ɗebo a ludayi, ya karkata shi wajen hasken ƙofa ya duba ja, ya shinshina, ya kurɓa ya riƙe a baki, sannan ya haɗiye ya yi magana. Bayansa mu ma mu sha, kowa ya faɗi nasa. Wanda ya ci ba a ba shi komai. Kujera ɗaya ce a zauren, shi zai zauna a kai har Alhamis ta zagayo, saura a tabarma.

Malam yana da harshe. Nasa ma idan bai yi ba sai ya kushe shi, bai san nasa ba ne.

"Wannan an cika masa citta. Mai shi yana ɓoye wani abu."

"Wannan an bar shi a wuta har ya mutu."

"Wannan na jigawa ne, ya sha rana. Ku ji yadda yake kama gefen harshe."

Idan ya zo kan nawa sai ya ajiye ludayin a hankali.

"Wannan kuma, Allah ya ba mai shi haƙuri."

"Ruwan wankin jar dara ne, Malam," in ji Tanimu. "Bawana ne ya haɗa, na gane hannunsa. Audu, rijiya ka saba haƙawa, shi ya sa komai naka ruwa ne."

Shekara uku ana yi, kujerar tawa ce, zauren nawa ne, ban taɓa zama a kanta ranar Alhamis ba. Za ku ce wannan ƙaramin abu ne. Ni ma na san ƙarami ne. Amma mutumin da ya rasa manyan abubuwa, ƙananan ne suke tsaya masa a rai.

A wata bazara mai zafi na manta da ragowar zoɓo a tulu, kwana huɗu. Da na buɗe sai na ji ya sauya. Tsaminsa ya yi zurfi, zaƙin ya ja baya, yana ɗan cizon harshe. Ranar kuwa wata Bafillatana ta shigo da nono, na ji daga soro tana gaya wa uwarku cewa madara ba ta kamawa sai an bar mata ɗan na jiya a gindin ƙwarya. Sai na ce ashe haka ne. Abin da ya gyara nono zai gyara zoɓo. Na dafa sabo, na saka mazarƙwaila da dabino da kanumfari, na zuba a kan tsohon, na toshe bakin tulun da tsumma da laka. Mai haƙar rijiya ya san inda ƙasa take da sanyi. Na tona rami kusa da randa, inda ruwa yake ɗiga, na binne tulun har wuya. Ban ɓoye wa kowa a gida ba. Abokaina kawai na ɓoye wa, don kada su kwaikwaya.

Ana gobe Alhamis uwarku ta same ni ina gyaran fartanya.

"Maigida, abin nan naka fa numfashi yake yi."

"Wane abu?"

"Tulun. Na je ɗiban ruwa na ji yana huci."

"Nono ma yana yi."

"Ni dai ban taɓa jin nono yana huci ba."

Na ce ta bar mini abina. Ta bari.

Ranar Alhamis Malam ya ɗebo, ya duba, ya shinshina, ya sake shinshinawa. Ya kurɓa. Ya daɗe bai haɗiye ba. Sai da Ɗan'azumi ya fara dariya sannan ya haɗiye.

"Wannan yana da rai," in ji Malam. "Sauran biyun gawa ne. Na waye?"

Da aka ce nawa ne sai ya ce a tashi a ba ni kujerata. Tanimu ya kurɓa, ya dube ni, ya dubi ƙasa. Bai yi mini tsiya ba, shi da ba ya iya wuce ni bai tsokane ni ba. Ya miƙa wa Ɗan'azumi sauran ludayinsa. Na ce hassada ce, kuma na ji daɗinta.

Haka aka yi mako bakwai. Duk Alhamis in bar kashi ɗaya cikin uku a gindin tulu, ran Juma'a in zuba sabo, in toshe, in binne. Kowane mako yana ƙara ƙarfi, kowane mako ni ne a kujera. Ina so ku ji wannan da kyau, domin an ƙara wa labarin gishiri a gari. Ba wanda ya yi tangaɗi. Ba wanda ya yi amai ko ya faɗi abin kunya. Abin da na gani shi ne hira tana tsawo. Malam, da ba ya son surutu, ya riƙa ba mu labarin zamansa a Gabas yana neman karatu, da yadda ya yi gudun kare ya bar takalmi. Ɗan'azumi ya riƙa waƙar tashe ba lokacinta ba. Ni kuma na yi dariya har da hawaye, abin da rabona da shi tun kafin a haifi babbanku. Na ɗauka daɗin nasara ne. Wataƙila shi ɗin ne. Rana tana faɗuwa sai mu yi alwala mu tafi masallaci, Malam ya shige gaba ya ja Magariba.

A Alhamis ta bakwai Malam ya sha ludayi huɗu. A Magariba ya tashi zai kawo raka'a ta huɗu, sahu ya ɗauki subhanallahi, ya koma ya zauna, ya yi sujada biyu bayan sallama. Mantuwa a salla ba baƙon abu ba ce, kowa yana yi. Amma dattawa sun ce ba su tuna ranar da Malam Sale ya taɓa yi ba.

Da safe ina sharar gona Tanimu ya tsallako iyaka ya zo. Bai yi sallamar wasa ba.

"Audu, je ka fasa tulun nan."

"Don ka koma kujera?"

"Giya ce."

Na ɗauka zagi ne. Na ce ya maimaita.

"Giya ce, wallahi. Tun ranar farko na ji ƙanshinta."

"Kai ina ka san ƙanshinta?"

Ya daɗe yana tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa.

"Na yi shekara goma sha a hanyar Kudu. Kada ka sa in faɗi abin da na tuba na bari. Ba wanda ya sani a garin nan, ko iyalina."

"Mako bakwai kana kallo Malam yana sha?"

"In ce me? In ce na gane ta? A ce Alhaji Tanimu a ina ya koya? Kullum cewa nake mako mai zuwa zai lalace da kansa. Ka fasa, ka ce tulu ya faɗi. Malam bai sani ba, ba shi da laifi. Kai ma ba ka sani ba. Allah ya rufa mana asiri, kada ka yaye."

Na dawo gida. Ni abin da na sani, giya a kwalba take, ko burkutu da ake yi da dawa a garuruwan da ba namu ba. Wannan zoɓon gonata ne, dabino na kasuwa, ruwan randata, da bismillah na zuba. Ta ina giya ta shiga? Na tono tulun na shinshina. Ƙanshin da na yi mako bakwai ina alfahari da shi ne. Na zuba wa akuya a kasko. Ta shanye, ta je gindin bango ta kwanta. Na tsaya a kanta ina kallo. Amma akuya da tsakar rana a bazara, ina za ta je in ba gindin bango ba?

Kakarku Inna tana da rai a lokacin, ido ya tafi amma kunne yana nan. Ta ji ni da uwarku muna magana ƙasa-ƙasa.

"Audu, abin da ka binne ka bar shi a binne. Malami ba a kai masa irin wannan. Kai za ka faɗa ka huta, shi ne ba zai huta ba."

"Inna, mutanen da suka bi shi salla fa?" in ji uwarku. "Har da ni, daga nan nake jin karatunsa. In sallar ba ta yi ba, a bar su haka?"

"Ke kika karɓi sallar da za ki san ba ta yi ba?"

"Ni dai na ce yana huci, aka ce in bar wa mai abu abinsa."

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. In na saurari Inna sai in ga ita ce da gaskiya. In na saurari uwarku ma haka. Tanimu ya ba ni amanar sirrinsa. Malam ya ba ni amanar bakinsa, abin da na miƙa masa ya sha bai tambaya ba. Amana biyu, kuma duk wadda na riƙe sai na saki ɗaya. Abin da ya tura ni a ƙarshe ba ilimi ba ne. A Asuba ta Lahadi na tsaya a bayansa, ya ce Allahu akbar, na kasa ɗaga hannu kamar mutum. Na ga ba zan iya yin shekaru a haka ba.

Da hantsi na same shi a ƙofar gidansa yana feƙe alƙalami. Na faɗa masa komai, tun daga maganar Bafillatana. Bai katse ni ba.

"Wa ya ce maka giya ce?"

"Wanda ya sani."

Ya dube ni. Mu huɗu ne kawai a zauren, kuma Ɗan'azumi bai taɓa wuce Kano ba. Bai sake tambaya ba.

"Wanda ya sha bai sani ba, babu zunubi a kansa," in ji shi. "Wanda ya haɗa bai yi nufi ba, shi ma haka. Hankalina bai gushe ba, sallar mutane ta yi. Ka zubar, ka yi istigfari."

Na ji kamar an ɗauke mini dutse. Na fara godiya, na yunƙura zan tashi.

"Zauna, Audu. Wannan hukuncinka ne. Nawa daban."

"Ba kai ka ce babu laifi ba?"

"Tun mako na uku na ji wani abu. Jikina yana sakewa, harshena yana gudu. Daga Talata nake fara ƙirga kwana. Ni da nake gane zoɓon da ya kwana a ƙwaryar da aka taɓa zuba fura, ban tambaye ka me ka saka ba. Ka san me ya hana ni? Tsoron kada ka faɗa mini."

Na ce ni ban gane ba. Ya sani ko bai sani ba? Ya ce shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan.

Bayan La'asar ya juyo ya fuskanci jama'a. Ya ce ya sha wani abu da ake zaton mai sa maye ne, sau bakwai, kuma ya ja su salla a bayansa. Ya ce sallarsu ta inganta, amma shi ba zai ƙara shiga gaba ba, su nemi wani. Bai ambaci sunan kowa ba. Ba ya bukata. Unguwa duka ta san inda yake zama ranar Alhamis.

Masallaci ya rikice. Dattawa suka bi shi gida suna roƙo. Aka je aka tambayi malamai biyu a Tofa. Ɗaya ya ce abin da ya yi tsami irin haka ya fi kusa da ruwan tsami, ba komai. Ɗaya ya ce duk abin da mai yawansa yake bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, amma wanda bai sani ba ba a kama shi. Ba wanda ya ce ya sauka a cikinsu. Malam ya ji duka, ya gode, ya ƙi komawa. Ya riƙa zuwa salla yana tsayawa a sahu na biyu, a bayan wani da shi ya koya wa Fatiha. Mutane suka kasa jure ganin haka, sai fushinsu ya dawo kaina. Wasu suka ce da gangan na yi. Wasu suka ce na daɗe ina dafawa ina sayarwa a ɓoye. Uwarku ta daina zuwa suna da biki har shekara ta zagayo.

Ba a yi mako ba aka fara tambayar da nake tsoro. Audu jahili ne, Malam bai taɓa gani ba, to wa ya gane ta? Tanimu ya zo ya tsaya a bakin zaure, bai shigo ba.

"Na rufa maka asiri, ka tona nawa."

"Ban faɗi sunanka ba."

"Da ka faɗa ma da ya fi. Yau ɗana ya tambaye ni a gaban uwarsa."

Na ce ya shigo mu yi magana. Ya ce ya gama shiga zauren nan. Ya cika maganarsa.

Kafin ruwan farko Malam Sale ya kwashe iyalinsa da ɗalibansa ya koma wani ƙauye wajen Makoda, inda dangin matarsa suke. Ɗan'azumi ya zo Alhamis biyu, muka zauna muna kallon juna, ya daina zuwa. Daga baya, da yayanku Sani ya yi karatu a birni, na tambaye shi. Ya ce zaƙi da zafi da rufaffen tulu suna iya haifar da abin maye, amma yawansa sai an auna. Na ce a auna me, tulun da na fasa tun kana goye? Ya ce to ba za a sani ba. Karatun boko ma nan ya tsaya.

Bayan shekara shida da tashin Malam na hau bayan babur na je na same shi. Na tafi da niyyar neman gafara, don a ganina ni na kore shi da bakin mutane. Na tarar da shi a gindin darbejiya yana duba alluna, ya tsufa, ya rame, amma fuskarsa a sake. Ya sa aka kawo mini ruwa da fura. Na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ya yi dariya.

"Kai kana zaton maganar mutane ce ta tashe ni?"

"To mene ne?"

Ya waiga ya ga ba kowa kusa.

"Audu, har yau ban sha abin da ya kai zoɓon nan naka daɗi ba. Kuma gidanka da nawa taku nawa ne? Kai kuma ka iya haɗawa."

Ban san ko yafe mini ya yi ba, ko wani laifin ya ƙara mini. Na tambaye shi ko da na yi shiru da ya fi. Ya ce shi ba zai iya amsa wannan ba, ya gode da na faɗa, kuma akwai ranakun da yake cewa da ban faɗa ba. Muka yi Azahar, wani ya ja mu. Bayan damina biyu aka aiko ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya faru ke nan. Ban dafa giya don in sayar ba, ban yaudari malami ba. Na so in zauna a kujera ne. In kuka tambaye ni ko faɗar da na yi daidai ce, ba ni da amsa, kuma na daina sa ran samu.

Yanzu ina gidan da aka haife ni. Ƙafar ba ta kai ni gona, masallaci kawai, shi ma da sanda. Tanimu yana da rai, gida huɗu ne tsakaninmu. A sahu ɗaya muke salla, shi a wancan ƙarshen, ni a wannan.